Aku Ya Bi Ubangidansa Ƙetare, Ko Ya Zauna Kalgo?

Wanda zai kwashe iyali ya koma wata ƙasa da zama, yawancin kayansa ba sa ba shi wahalar lissafi. Abin da zai shiga akwati ya shiga, sauran a sayar ko a rabar. Tumaki da awaki kuwa kasuwa ke raba gardamarsu. Inda lissafi ke cijewa shi ne kan tsuntsun da aka ajiye don sha'awa, ba don yanka ko sayarwa ba, musamman akun da ya shekara goma ko fiye a cikin gida, ya san sunan kowane yaro, ya iya amsa sallama, ya iya kwaikwayon ƙarar wayar maigida har uwargida ta fito da gudu daga madafa.

Wannan magana ba ta mutanen Legas da Abuja ba ce kaɗai. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, mazauninta na dindindin ya zauna kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo, sai yankin ya tara malamai da likitoci da ma'aikatan jinya. Irin waɗannan ne ke samun aiki a Saudiyya ko Ingila, ko gurbin ƙaro ilimi a Malesiya. Fatauci kuma ya daɗe yana kai mutanen ƙasar Gwandu Yamai da Kwatano da Akara, wasu su yi zamansu can. Duk wanda ke da tsuntsu a cikinsu, ranar haɗa kaya sai tambayar ta taso: a tafi da shi ko a bar shi? Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara.

Masu cewa a tafi da shi

Hujjarsu ta farko sabo ce. Aku mai launin toka da jan wutsiya yakan yi shekara 40 zuwa 60 in ya samu kulawa, kuma a daji ma a cikin garke yake rayuwa, ya zaɓi abokin zama guda ya manne masa. Idan aka raba shi da garke aka kawo shi gida, mutum yake mayarwa abokin zaman. Duk mai kiwonsa ya san haka: akwai mutum ɗaya a gidan da zai sunkuyar wa kai a sosa masa ƙeya, ya karɓi gyaɗa daga bakin yatsunsa ya riƙe da ƙafa yana ɓarewa, amma wani ya miƙa hannu ya sha cizo. Idan wannan mutum ya ɓace masa, sau da yawa sai ya daina magana, ya rage ci, ya dinga fige gashin ƙirjinsa har fata ta fito fili. Likitocin dabbobi sun san wannan ɗabi'a, kuma suna danganta yawancinta da kaɗaici da damuwa. Masu wannan ra'ayi kan kawo labarin Alex, akun da masaniya Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana nazari a kansa a Amurka har ya mutu a 2007, wanda ya iya bambance launuka da siffofi, ya iya ƙirga 'yan abubuwa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a gare mu, don da Abubakar Imam ya tashi neman mai hikimar da zai riƙe labaran Magana Jari Ce, littafin da ya fito a 1937, aku ya ɗauko. Halitta mai irin wannan kwanya, in ji su, ba tabarma ba ce da za a naɗe a bar wa maƙwabci.

Hujja ta biyu ita ce amana. Kowa ya san yadda "a bar shi hannun dangi" ke ƙarewa. Ƙanin maigida zai ce, "Yaya, ka tafi hankalinka kwance, ni da kaina zan riƙa ba shi abinci." Da gaskiya yake faɗa. Amma wata uku ba za a yi ba aikin ya koma hannun yara, ruwan sha ya kwana biyu ba a sauya ba, kejin ya koma bayan ɗaki inda rana ke dukansa, kyanwa na zagayawa. Wani lokaci ma sai labari ya iso cewa an bar ƙofa a buɗe ya tashi, alhali kasuwa aka kai shi. Malamai sun kafa hujjar halascin ajiye tsuntsu da labarin Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsunsa a Madina, Manzon Allah (SAW) yana yi masa raha a kansa bai hana ba. Amma su ɗin dai suna tunatar da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wanda ya sa tsuntsu a keji shi ya ɗauki nauyin cinsa da shansa, kuma tikitin jirgi ba ya sauke wannan nauyi.

Hujja ta uku tana da kaifi. Idan aka ce kada a raba tsuntsu da ƙasarsa, sai su tambaya: Kalgo ƙasar aku ce? Wannan tsuntsu na kurmi ne, na dazuzzukan Kuros Riba da Neja Delta da Kamaru da Kwango, inda ruwa ke zuba mafi yawan shekara. A Kabi kuwa zafin Afrilu yana haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙura mai busar da hanci. Tsuntsun da ya jure wannan, ɗaki mai na'urar daidaita zafi a Jidda ko Manchesta ba zai gagare shi ba. A wajen akun keji, gida shi ne inda mai sosa masa kai yake.

Ta huɗu, doka ba ta toshe hanya gaba ɗaya ba. Akwai takardar lafiya daga hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, akwai izinin fitarwa daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, akwai izinin shigarwa daga ƙasar da za a je, akwai ƙa'idar irin akwatin da kamfanonin jirage ke karɓa. Larabawan yankin Gulf suna yawo da shahonsu ƙasa zuwa ƙasa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa har fasfo take yi wa shaho tun 2002, kamfanoni irin su Qatar Airways da Etihad kuma suna barin sa ya zauna tare da fasinjoji. Idan Balarabe ya iya bin ƙa'ida ya tafi da tsuntsunsa, me zai hana Bakabe?

Masu cewa a bar shi

Su kuma daga tushe suke farawa: ina aka samo shi? Yawancin akun da ke gidajenmu ba a keji aka ƙyanƙyashe su ba. Kamo su aka yi, ko dai an shafa danƙo a reshe an ɗaure wani akun yana kuka don 'yan'uwansa su sauko, ko an hau bishiya an kwashe 'ya'ya daga kogo. Daga nan a cusa su cikin kwando, su bi mota kwana da kwanaki zuwa kasuwannin Arewa, da yawa su mutu a hanya. Tun daga 1975 an fitar da fiye da miliyan ɗaya daga Afirka ta hanyar da aka rubuta, ban da na ɓoye. A Ghana, binciken da aka wallafa kimanin shekara goma da suka wuce ya nuna cewa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar sun ƙare tun daga 1992. Shi ya sa a taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Afirka ta Kudu a 2016 aka mayar da wannan aku rukuni na ɗaya, rukunin halittun da aka haramta cinikin na dajinsu tsakanin ƙasashe. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar tun fara aikinta a 1975, tana kuma da dokarta ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016. Ma'anar wannan ga mai aku a Kalgo ita ce, kafin a ba shi izini sai ya nuna cewa ta halastacciyar hanya tsuntsun ya zo hannunsa. Wanda ya saya a bakin tasha hannun mai kwando, wace takarda zai nuna?

Kada kuma a ce tsuntsu ɗaya ne, me zai rage. Masu fataucin tsuntsaye da wannan rigar suke fakewa, kowa ya ce na gida ne. A tsakiyar 2025 jami'an kwastan sun kama tsuntsaye fiye da 1,600, tsirya da kanari, a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, za a kai su Kuwaiti ba tare da takardun izini ba. Muddin ana irin wannan, jami'in da ke bakin ƙofa dole ya tsananta wa kowa, mai gaskiya da maras gaskiya.

Hujjarsu ta biyu cuta ce, kuma a nan ba sai an je nesa neman misali ba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a gonar Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Aka hallaka kaji masu ɗimbin yawa, masu gonaki da dama suka durƙushe, cutar ta kashe mutum ɗaya a Legas a farkon 2007. A 2008 masu bincike sun gano ƙwayar cutar a kasuwar tsuntsaye masu rai a Kebbi da Gombe, ta kuma sake ɓarkewa a Kano da Legas a 2015. Ƙasar da ke da wannan tarihi, duk tsuntsun da ya fito daga cikinta da idon zargi ake kallonsa. Waɗancan ƙasashe ma sun ɗanɗana. A 1971 wata annobar kaji ta shiga Kalifoniya ta hanyar tsuntsayen sha'awa da aka shigo da su, sai da aka hallaka kaji kusan miliyan 12 kafin a shawo kanta. Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007. Amurka tana killace tsuntsun da ya zo daga waje kwana 30, kuma mai shi ke biya. Ostireliya kuwa ba ta karɓar tsuntsun gida sai daga Niyu Zilan. Aku yana iya kasancewa ɗauke da ƙwayar cuta yana ci yana sha yana surutu, ba alama. Akwai ma zazzaɓin da mutane ke kamuwa da shi daga busasshen kashinsa. Son da mutum ɗaya ke yi wa tsuntsunsa bai kai ya jefa kajin wata al'umma cikin haɗari ba.

Ta uku, wahalar hanya. A kwatanta tafiyar daki-daki. Daga Kalgo sai an yi kusan yini a mota kafin Abuja, ko a bi ta Kano ko Legas. A can a ɗebi jininsa, a sa masa zobe a ƙafa ko a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙirji, a rufe shi cikin akwati mai 'yan ƙofofin iska. Yawancin jirage ba sa barin aku ya zauna da fasinja, wajen kaya ake sa shi, cikin duhu da rugugin inji. Ba a so a ba shi maganin barci, don yana iya kashe shi. Ya sauka kuma ya shiga killacewa hannun baƙi. Bayan duk wannan me ke jiransa? A Kalgo yana tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, mata na daka, yara na shige da fice, almajiri na bara a ƙofa, kaji na tono, duk yini yana da abin kallo da abin kwaikwayo. A can kuwa ɗaki ne a hawa na biyar, maigida yana asibiti aikin awa 12, uwargida ta fita, yara suna makaranta. Ya yi ihu maƙwabci ya kai ƙara, mai gidan haya ya ce ba a yarda da dabba ba. Kaɗaicin da aka ce ana guje masa, shi aka kai shi ya tarar.

Ta huɗu, kuɗi da niyya. Gwaji da takardu da akwati da kuɗin jirgi da na killacewa, yawancinsu da kuɗin waje ake biya, kuma jimillarsu takan ninka kuɗin tsuntsun. Mahaifiyar mai tafiya za ta iya cewa, "Kai ɗan nan, ƙannenka na nan ba a biya musu makaranta ba, tsuntsu za ka saya wa tikiti?" Masu wannan ra'ayi suna ganin sau da yawa ba tausayin tsuntsu ke tura mutum ba, kewar gida yake tsoro, yana son ya tafi da muryar da za ta riƙa yi masa Hausa a baƙon wuri.

Hanyar da ba ta da mai kare ta

Kafin a auna hujjojin nan, akwai abu biyu da kowane mai hankali a ɓangarorin zai ƙi. Na farko shi ne satar hanya. Kabi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma daga Kamba zuwa Gaya zuwa Malanbil ba nisa. Sai wani ya ga ai sauƙi ne, a sa aku a kwali a huda, a tura ƙarƙashin kujera, in an tsallaka shi ke nan. Yarjejeniyar zirga-zirga tsakanin ƙasashen yankin ba ta ɗauke dokar namun daji da ta lafiyar dabbobi ba, kuma Nijar da Benin duk suna cikin CITES. In an kama, tsuntsun ya tafi, mai shi ya shiga hannu. In ba a kama ba, zafin kwalin kaɗai ya isa ya kashe shi. Wanda kuma ya isa lafiya ya zama tsuntsu maras takarda har abada, ba ya gaba, ba ya dawowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu shi ne a buɗe keji a ce an 'yanta shi. Akun da ya girma a hannu bai san neman abinci ba, fadamar Kalgo kuma ba kurmi ba ce. Shirwa ko yunwa ko danƙon yara, ɗaya zai gama da shi cikin 'yan kwanaki. Inda kuma tsuntsun da aka saki ya rayu, wata matsalar yake haifarwa. Tsiryar da ta kuɓuce daga keji ta hayayyafa dubbai a Landan, tana ƙwace wa tsuntsayen can kogunan bishiya.

Awo

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, abu na farko da zai bayyana shi ne ba duk tsuntsu ne wannan gardama ta shafa ba. Tattabara wurinta ta sani, ba mutum ba. Mai kiwonta ya san ko unguwa ya sauya sai ya kulle ta ta yi ƙwai ta saba, in ba haka ba ta koma tsohon gurbi. Ita kam a bar ta ga mai gidan, ko a sayar, can a sayi wata. Kanari ma haka, duk wanda ya ba shi gero da ruwa da inuwa zai rera masa. Gauraka kuwa, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa, ya riga ya yi ƙaranci a dajin Nijeriya, kuma kama shi don ƙawata gidajen manya na cikin dalilan. Shi maganarsa ba ta fita waje ba ce, ta daina kamawa ce. Gardama ta gaskiya kan aku take, don shi ne ke shaƙuwa da mutum, shi ne kuma doka ta fi tsarewa.

A kan aku, ɓangaren farko ya yi gaskiya cewa rabuwa tana yi masa illa, kuma riƙon sakaci zalunci ne. Sai dai sun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko a tafi da shi ko a watsar. Akwai ta uku. Aku yana iya sabawa da sabon mutum in an bi a hankali. Mai tafiya yakan san da tafiyarsa watanni kafin ranar. A cikin watannin nan zai iya zaɓar mutum ɗaya mai sha'awar abin, ba wanda kunya ta sa ya karɓa ba, ya riƙa zuwa kullum yana ba shi abinci da hannunsa, kejin ya koma gidansa tun maigida na gari, a yanka masa kuɗin abinci da na likitan dabbobi kowane wata. Wanda ya yi haka ya sauke amana.

Ɓangare na biyu kuma ya yi gaskiya kan cuta da doka, hujjarsu a nan ba ta da makusa. Inda suka zarce shi ne da suka mayar da kowace tafiya son kai. Akwai akun da a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe shi, da zobensa da takardarsa, ya tsufa da mutum ɗaya, mutumin kuma ƙaura ce zai yi ba karatun shekara biyu ba, ƙasar ta yarda, gidan da za a sauka akwai mai zama da shi. Irin wannan, wahalar wata guda ta fi masa sauƙi a kan rabuwar shekara 30. Hana shi tafiya ba tausayi ba ne.

Saboda haka ra'ayina shi ne, zama shi ne asali, tafiya kuwa sai an cika sharuɗɗa huɗu: asalin tsuntsun tabbatacce ne a rubuce, ƙaurar ta dindindin ce, an samu izinin ƙasashen biyu kafin a sayi tikiti, kuma rayuwar da zai tarar ba ta gaza wadda zai bari ba. Ɗaya ya faɗi, a nema masa riƙo nagari a gida. A gaskiya yawancin akun da ke Kalgo da Gwandu da Birnin Kebbi a sharaɗin farko za su faɗi, kuma wannan ke nuna inda matsalar take. Ba ranar haɗa kaya ake yanke hukuncin tafiyar aku ba, ranar saye ake yanke shi. Mai niyyar sayen aku yau, ya tambayi kansa inda zai kasance nan da shekara 20, ya tambayi mai sayarwa inda aka ƙyanƙyashe tsuntsun, ya ce a nuna masa shaida. In babu, ya mayar da kuɗinsa aljihu. Kowane aku da aka ƙi saya a bakin tasha yana rage wa mai danƙo dalilin komawa kurmi, yana kuma raba wani gida da wannan gardama tun kafin ta taso.